Ɗan Dambe a Filin Kokawa

Tsohuwar gardama ce a majalisar masu son wasannin gargajiya: in aka haɗa ɗan dambe da ɗan kokawa, wa zai kayar da wani? Dattijon da ke wurin yakan kashe zancen da tambaya guda: a filin wa za a yi, kuma da dokar wa? In an naɗe hannu aka ce ba riƙo, ɗan dambe ya ci tun kafin makaɗi ya ɗaga kalangu. In kuwa aka ce a kama ƙugu, labari ya sha bamban. Wannan gardamar ce ta sake fitowa da sabuwar riga a duniyar gasar wasannin kwamfuta, wadda 'ya'yanmu da ƙannenmu ke bi a wayoyinsu. Ra'ayina a kanta shi ne, karawar da ake tsallakar da gwani daga wasansa zuwa na wani tana da daɗin kallo, amma ma'auni ce mai algus, kuma ranar da aka mayar da ita dole, 'yan wasa ne suka biya kuɗinta da sana'arsu.

Wasannin da nake nufi su ne na dabarun yaƙi da ake bugawa kai-tsaye. A dara, ka ajiye, abokin karawarka ya ajiye, kowa da lokacin tunaninsa. A nan babu jira. Mutum biyu suna farawa da 'yan ma'aikata kaɗan a ɓangarori daban-daban na taswira ɗaya. Kowa ya tara dukiya, ya gina gari, ya horar da mayaƙa, ya kuma tura ɗan leƙen asiri, domin hazo ya rufe duk inda mutanensa ba su taka ba. Duk wannan a lokaci guda ake yin sa, hannu ɗaya a kan madannai, ɗaya a kan linzamin kwamfuta. Ƙwararru sukan ba da umarni fiye da 300 a cikin minti ɗaya.

Wanda ya hango su daga nesa zai ce duk kanwar ja ce. Sai an matso ake ganin bambanci. StarCraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 1998 tare da ƙarinsa mai suna Brood War, yana da ƙabilu uku, Terran da Zerg da Protoss, da dukiya iri biyu kacal. Wahalarsa tana ga hannu. Ba a iya zaɓar mayaƙa fiye da 12 a lokaci ɗaya, duk sabon ma'aikaci sai an nuna masa aikinsa, kowane gini sai an taɓa shi shi kaɗai, ga mayaƙan kuma sukan cunkushe a hanya mai ƙunci kamar awaki a ƙofar garke. Gwanintar ɗan Brood War rabinta faɗa ne da kayan aikinsa. StarCraft II na 2010 ya kawar da yawancin waɗannan ƙayoyi, sai wasan ya koma na saurin yanke shawara, inda ƙiftawar ido ɗaya kan iya cinye runduna. Warcraft III na 2002 ya bi wata hanya dabam: runduna ƙarama ce, jarumai ke jagorantarta suna ƙara ƙarfi da kowane faɗa, kuma wanda ya tara mayaƙa da yawa sai an riƙa zaftare masa zinariyar da ke shigowa, tamkar haraji.

Age of Empires II na 1999 shi ne manomin cikinsu. Dukiyarsa huɗu ce: abinci, itace, zinariya da dutse. Ana ratsa zamani huɗu, ana kiwon tumaki, ana farauta, ana noma, kafin a kai ga ganuwa da fada. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne, a yawancin gasa ba a san yadda taswira za ta fito ba sai an shiga. Yau daji yana bayanka yana kare ka, gobe zinariyarka tana fili a gaban abokin gaba. Hadda ba ta wadatarwa, sai da karanta ƙasa. In za a tambaye ni wanda ya fi daɗin kallo ga mai son tunani, shi zan zaɓa, ko da yake ban musa cewa Brood War ya fi shi cin hannu ba. A gefe guda kuma, ga wani abu da ya shafe mu: a watan Agusta na 2021 an ƙara Hausawa cikin al'ummomin Age of Empires III, da Kano a matsayin birninsu, da Sarauniya Amina a matsayin jagora, har da mahayan lifidi. Yaro a Turai yana iya sanin kalmar lifidi ta wannan hanya, alhali wani namu a aji shida bai taɓa jin ta ba.

To, da yake kowane wasa da gwanayensa, masoya ba sa gajiya da tambayar wane ne gwanin gwanaye. Daga nan ne ake shirya karawar tsallake: a ɗauko zakaran wannan wasa a saka shi a wancan, ko a sa mutum biyu su buga rabi a gidan wannan, rabi a gidan wancan. Mafi adalcin irin wannan haɗuwa da na sani ba shirya ta aka yi ba. A watan Oktoba na 2021 aka fitar da Age of Empires IV, sabon fili da kowa baƙo ne a cikinsa, sai gwanaye suka taho daga ko'ina. TheViper na ƙasar Norway, wanda ya daɗe yana mulkin Age of Empires II, ya shigo. 'Yan StarCraft II irin su Beastyqt na Sabiya da MarineLorD na Faransa su ma suka shigo. Da aka yi gasar Red Bull Wololo a tsohuwar fadar Heidelberg ta Jamus a 2022, MarineLorD ne ya ɗauki kambun sabon wasan. Masu goyon bayan StarCraft suka yi ta guɗa cewa an tabbatar da fifikonsu. Abin da aka tabbatar bai kai haka ba. An ga cewa saurin hannu, da iya raba hankali wuri uku ko huɗu, da ɗabi'ar hana dukiya kwanciya, duk suna bin mutum inda ya tafi. Ba a ga cewa MarineLorD zai iya shiga tsohon wasan ya ture masu gida ba.

Mu da ke koyar da rubutu mun san wannan. Yaron da ya ƙware a ajami yakan zo aji da hannu natsattse da haƙurin zama a kan layi, wannan kuwa ba ƙaramin jari ba ne. Amma sai ya koyi tafiya daga hagu zuwa dama, kuma baƙaƙen da ya haddace ba za su karanta masa boko ba. Haka abin yake a nan. Abin da ba ya tsallakawa shi ne ilimin da shekaru suka tara: sanin cewa in abokin gaba bai gina abu kaza a minti kaza ba, to yana ɓoye wani shiri, sanin faɗan da za a ci da wanda za a guje wa da kallo ɗaya. Grubby na Holan, wanda ya ci gasar duniya ta World Cyber Games a Warcraft III a 2004 da 2008, ya koma StarCraft II, ya taka rawar gani, amma bai sake zama sarki ba. Haka ma Moon na Koriya ta Kudu. Ba ƙwaƙwalwarsu ce ta dushe ba, rumbun da suka cika ne aka bar musu a tsohon gida.

Wanda ke shakkar cewa mai kafa doka shi ke zaɓen wanda zai ci, ya dubi karawar mutum da na'ura. A watan Disamba na 2018, manhajar AlphaStar ta kamfanin DeepMind ta doke ƙwararru biyu a StarCraft II, TLO na Jamus da MaNa na Poland, kowannensu ci biyar da nema. Duniya ta ɗauka. Sai dai TLO ɗan Zerg ne aka sa shi ya buga da Protoss, domin ƙabilar da na'urar ta koya ke nan. Sannan na'urar tana ganin duk abin da hazo bai rufe ba a faɗin taswira lokaci guda, alhali mutum sai ya yi ta kai idonsa daga wuri zuwa wuri. A watan Janairu na 2019 aka fito da wani samfurinta da aka tilasta wa kallo irin na mutum, MaNa ya doke ta a bainar jama'a. Daga baya a wannan shekarar ta kai matakin ƙoli a ƙarƙashin dokoki masu tsauri, wannan gaskiya ne. Amma ci goma na farkon nan da jaridu suka yayata, rabinsu doka ce ta ci su.

Duk wannan wasa ne idan aka kwatanta da abin da ya faru a Koriya ta Kudu. A can Brood War ya zama sana'a sosai. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1997, shagunan kwamfuta suka cika birane, intanet mai sauri ta bazu, aka kafa hukumar KeSPA a 2000, tashoshin talabijin biyu, OnGameNet da MBCGame, suka riƙa nuna gasa. Manyan kamfanoni irin su SK Telecom da KT da Samsung suka riƙe ƙungiyoyi suna biyan albashi, har rundunar sojan sama ta kafa tata. Samari sukan zauna a gida ɗaya suna atisaye dare da rana, da yawansu sun jingine karatu saboda shi. Sai ga rikici tsakanin KeSPA da Blizzard a kan haƙƙin watsa wasan, ga badaƙalar sayar da wasa ta 2010, ga sabon StarCraft II da kamfanin ke son a koma. A 2012 aka yanke cewa gasar ƙungiyoyi ta Proleague za ta zama gauraye: rabin karawa a tsohon wasa, rabi a sabo, raba gardama kuma a sabo.

A yi tunanin halin da ɗan wasa ya shiga. Mutumin da ya shafe shekaru yana goge sana'a ɗaya an ce ya raba lokacin atisayensa biyu, ya fito gaban talabijin yana koyon tafiya a wasan da wasu suka riga shi da shekara biyu, kuma albashinsa ya dogara da sakamakon. 'Yan kallo ba su sami tsohon wasa a cikakken kyansa ba, ba su kuma sami sabon a hannun masu iya shi ba. Ba na musun cewa wasu sun ci gajiya. Rain, wanda bai kai sahun farko a Brood War ba, ya ci babbar gasar OnGameNet ta farko a StarCraft II a wannan shekarar, INnoVation kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen sabon wasan. Amma JangBi, wanda ya ci babbar gasar OnGameNet ta ƙarshe a Brood War a watan Agusta na 2012, ya ajiye wasan a 2013. Bisu, wanda ya sauya yadda ake buga Protoss, shi ma a shekarar ya ajiye. Flash, wanda ake yi wa kallon gwanin da ba a taɓa yin irinsa ba, ya ci gasa a Toronto a 2014, amma bai mallaki sabon filin ba, ya yi ritaya a ƙarshen 2015. A watan Oktoba na 2016 aka rufe Proleague ɗin kanta, yawancin ƙungiyoyin suka watse.

Masu kare matakin sukan ce tsohon wasan ya riga ya fara faɗuwa, masu ɗaukar nauyi suna janyewa, MBCGame ma ta rufe a farkon 2012, don haka gwamma a yi hijira da wuri. Akwai gaskiya a ciki. Amma hujjar tana ɓoye abin da ya raba waɗannan wasanni da dambe ko ƙwallon ƙafa. Babu mai mallakar dambe. Wasan kwamfuta kuwa kayan kamfani ne: shi ke da ikon watsa shi, shi ke sauya ƙarfin mayaƙa in ya ga dama, StarCraft II ma ba a buga shi da wani sai ta hanyar na'urorin Blizzard. Uban da ɗansa ya ce zai mayar da irin wannan wasa sana'a, wannan ne abin da ya kamata ya fara tambaya a kai, tun kafin maganar ɓata lokaci: gonar da za ka shekara goma kana noma, ta wa ce?

Brood War bai mutu ba. Tsofaffin 'yan wasan suka koma gare shi da kansu, suna watsa wasanninsu a AfreecaTV, masoya na tallafa musu kai-tsaye. Aka fara gasar ASL a 2016, Blizzard ta sabunta wasan a 2017, Flash ya dawo ya ci kambun sau uku a jere, daga baya ya ƙara na huɗu. A 2020 sai ya yi irin tsallaken da nake girmamawa, domin shi ya zaɓa, kuma a filin da ya sani. Ya ajiye Terran da ya yi suna da ita, ya shiga gasar da sharaɗin kwamfuta ta zaɓa masa ƙabila a farkon kowane wasa, wato dole ya iya duka ukun, a gaban mutanen da kowannensu ya ƙare ƙuruciyarsa a kan guda ɗaya. A haka ya kai wasan kusa da na ƙarshe.