Wa Zai Riƙe Mana Akalar Na'urorinmu?

Babu ɗalibin da bai san wahalar lokacin rajista ba. Da zarar an buɗe shafin, dubban ɗalibai su auka masa a lokaci guda, sai ya tsaya cik, a wuni ana jira, a kwana ana jira. In an tambayi dalili, sai a ce kamfanin da aka ba kwangila ne kaɗai ya san makamar gyara, shi kuwa yana can nesa. A ganinmu wannan hali bai dace da wuraren da ake koyar da ilmin kwamfuta ba, domin maganinsa yana nan, kuma kyauta ne.

Maganin da muke nufi wata buɗaɗɗiyar manhaja ce mai suna Kubernetes. Kamfanin Google ne ya fito da ita a shekarar 2014, bisa darasin da ya koya daga tsarinsa na cikin gida mai suna Borg. A 2015 ya miƙa ta ga gidauniyar CNCF, wadda ke ƙarƙashin Linux Foundation, ta zama ta kowa da kowa: a ɗauka, a karanta, a gyara, ba a biyan ko kwabo. Sunan kuwa daga harshen Girka yake, ma'anarsa matuƙin jirgin ruwa, aikin da mutumin Argungu ba ya bukatar a yi masa bayaninsa.

Ga yadda take aiki. Tun daga 2013, da manhajar Docker ta bayyana, masu rubuta manhaja suka saba ɗaure kowace manhaja tare da duk abin da take bukata cikin ƙunshi guda, wanda suke kira kwantena, don ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta. Kubernetes ita ce mai kula da waɗannan kwantenoni a kan kwamfutoci da yawa. Ma'aikaci zai rubuta mata abin da yake so, misali kwafi uku na shafin rajista. Ita kuwa kullum tana gwada abin da ke akwai da abin da aka nema. In guda ya mutu, ta ta da wani. In kwamfuta ɗaya ta lalace, ta mai da aikin kan sauran. In jama'a sun yi yawa, ana iya shirya ta ta ƙara kwafi, in sun ragu ta rage.

Har ila yau an bar mata ƙofa, watau kowa na iya koya mata sabon aiki. Ɗalibanmu za su iya rubuta ƙari wanda zai adana kwafin sakamakon jarrabawa kowane dare, ko wanda zai dakatar da ayyuka marasa gaggawa in wuta ta ɗauke, batir ya fara ja baya. Injiniyan Amurka ba zai rubuta mana irin wannan ba, don ba ciwonsa ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma maganar kuɗi. Hayar kwamfutocin manyan kamfanonin waje da dala ake lissafa ta. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura naira 1,400. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ɗora wa hukumomi nauyin tsare bayanan da ke hannunsu. Ta yaya za ka tsare abin da ba ka san inda aka ajiye shi ba?

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Kubernetes ba ta kawo wutar lantarki, ba ta kuma jure sakaci. Sau uku a shekara ake fitar da sabon zubinta, kowanne kuwa wajen wata 14 ake kula da shi, saboda haka wanda ya kafa ta ya juya baya, ya bar ƙofa a buɗe ga ɓarayin intanet. Ofishin da ke da ɗan shafi guda ma ba ya bukatarta. Muna gargaɗin 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata, kada su yarda a mai da ita wata sabuwar hanyar kwangila.

Kiranmu shi ne ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru: kowacce ta ware tsofaffin kwamfutoci uku ko huɗu, da wutar sola, ta danƙa wa ɗalibai. Akwai ƙaramin samfurinta mai suna K3s, wanda ya fito a 2019, ba ya bukatar babbar na'ura. A fara da shafin ƙungiyar ɗalibai, in hannu ya faɗa a matsa zuwa ɗakin karatu, sa'an nan rajista. Wanda ya ƙware kuwa a ɗauke shi aiki, a biya shi abin da zai zaunar da shi, in ba haka ba mu horar, Legas ta kwashe.

Jihar Kebbi, tun kafa ta a 1991, ta nuna wa ƙasa cewa tana iya ciyar da ita da shinkafar fadamun Rima. Matasan Nasarawa da na Argungu ba su gaza iyayensu ba. A ba su kayan aiki, a gani.