Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar NIWA Kan Wutar Lantarkin Tsofaffin Jiragen Ruwa

Ranka ya daɗe, Shugaban Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, Lokoja,

Ina roƙon hukumarku ta sa ido kan birekar wuta a tsofaffin jiragen fasinja, musamman masu zirga-zirga a Legas da Fatakwal, inda iskar gishiri ke cin ƙarfe.

Aikin bireka shi ne yanke wuta idan waya ta ɗauki fiye da ƙarfinta. Amma in tsatsa ta kama bakinta, sai mahaɗar ta riƙa zafi, ko kuma makunnin ya cije ya ƙi faɗuwa. Daga nan robar waya ta narke. Idan tartsatsi ya haɗu da tururin fetur a ɗakin inji, gobara ce a tsakiyar ruwa, babu wajen gudu.

Tunda ku ke ba jiragen lasisi, ku wajabta gwada kowace bireka kafin sabunta takarda. A cire mai tsatsa, a sa wadda aka ƙera don jirgin ruwa, ba ta gida ba. A hana masu gyara ɗaure waya a tsallake bireka. A kuma tabbatar kowane jirgi na ɗauke da abin kashe gobara mai aiki.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai bin jirgin ruwa