Filin Gona da Lambu: Zafi da Hasken da Kabewa Take So

Iyalai da yawa sukan shuka kabewa a bayan gida, ta yi yaɗo, ganye ya yi kore shar, amma a ƙarshe ba a sami ko ta miyar taushe ba. Sau da yawa laifin ba na iri ba ne. Wurin da aka shuka ne, ko kuwa lokacin.

Mu fara da rana. Kabewa tana bukatar hasken rana sosai, awa 6 zuwa 8 kowace rana. Idan muka shuka ta a gindin mangwaro ko dalbejiya, ko a tsakiyar dawa mai kauri, za ta yi ta miƙa tana neman haske, 'ya'yan kuwa kaɗan. Gara mu ba ta bakin gona, ko kusa da juji inda babu inuwa, mu bar taku 2 tsakanin rami da rami don kada ganye ya rufe ɗan'uwansa.

Sai zafi. Iri yakan tsiro da kyau idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin santigiret, cikin kwana 5 zuwa 10. Idan ya gaza digiri 15, iri yakan daɗe a ƙasa har ya ruɓe. Saboda haka masu lambun rani kada su shuka a tsakiyar hunturu, wato Disamba da Janairu, balle a ƙasar Jos inda dare yake da sanyi ƙwarai.

Zafi mai yawa kuma ɓarna yake yi. Da zarar ya wuce digiri 35, fure yakan kaɗe, ƙananan 'ya'ya su yi rawaya su zube. A bazara, wajen Kano da Sakkwato, zafi yakan kai digiri 40. To, sai mu shirya yadda kabewarmu ba za ta yi fure a Maris ko Afrilu ba. Tana nuna cikin kwana 90 zuwa 120. Mai noman damina ya shuka da zarar ruwa ya zauna, mai fadama kuwa ya shuka a Oktoba tun ƙasa tana da ɗumi.

Mu lura da furen kuma. Akwai namiji, akwai tamace mai ɗan ƙullutu a gindinta. Namijin yakan fara fitowa ya kaɗe, wannan ba abin damuwa ba ne. Furen yana buɗewa da sassafe, kafin tsakar rana ya rufe. A wannan ɗan lokaci ne ƙudan zuma suke kai garin namiji ga tamace, don haka kada mu yi feshin magani da safe.

Idan rana ta yi tsanani, mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, mu yi ban ruwa da sassafe. Bayan girbi mu bar wa kowace kabewa ɗan karanta, mu ajiye a inuwa inda iska take shiga. Haka za ta yi watanni ba ta lalace ba, yara kuma su sami abincin da yake taimakon idanunsu har cikin rani.