Difloma ba ta ɗaure zariyar wando

Ƴan uwa matasa, yau maganar gidanmu zan kawo, amma na san a gidaje da yawa akwai irinta.

Babana tela ne. Tun ina rarrafe ƙarar kekensa nake ji. Wata safiya ya faɗi bakin shago, hawan jini ya shanye mishi ɓarin dama. Munka kai shi asibiti, likitoci sunka yi aikinsu, Allah ya saka musu, rai ya tsira. Ranar da anka sallame mu an ba mu takardar magani da ranar komowa, shi ke nan. Ba wanda ya gaya mana yadda mutumin da hannunsa na dama ya mutu zai ci tuwo, ko ya riƙe buta, ko ya tsuguna a salga. Ran nan na leƙa ɗaki na iske shi yana fama da zariyar wando da hannu guda, hawaye na zuba. Mutumin da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan salla ya kasa ɗaure nasa wandon, kuma ya fi son ya zauna haka da ya kira ɗansa.

A nan ne na san akwai wani fannin aikin lafiya da ake kira ergoterapi. Yawancinmu kine muka sani, mai motsa gaɓoɓi da gashin jiki don ƙarfi ya komo. Shi mai ergoterapi yana ɗaukowa ne daga tambayar mi mutumin nan yake yi kullum da yanzu ya gagare shi, kuma ta wace hanya zai koma yin sa. Wani lokaci a horar da hannun, wani lokaci a canza kayan aikin, wani lokaci gidan ne za a gyara. Fannin ba na jiya ba ne. An kafa ƙungiyarsa ta farko a Amurka a 1917, ya bunƙasa wajen kula da sojojin da sunka naƙasa a yaƙin duniya na ɗaya, kuma tarayyar masu aikin ta duniya ta kafu a 1952.

Da taimakon dangi munka samu mutum biyu da sunka yi karatun nan a waje, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya zo da kyakkyawar jaka da faransanci mai daɗin ji. Ya zauna kan kujera, baba na tabarma. Ya jero mana sunayen jijiyoyi, ya nuna mana hotuna a waya: kwamin wanka mai madafi, cokali mai yatsu na musamman, kujerar kewaye irin ta otal. Gidanmu da bokiti ake wanka. Bai tambayi baba sana'arsa ba, bai leƙa bayan gida ba. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi, baba ya ce kar a sake kawo shi.

Ta biyu mace ce, ba ta fi ni shekaru ba. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaida shi, ta ce, “Baba, cikin abubuwan da kake yi da, wanne ya fi ci maka rai da ka rasa?” Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce alwala. Daga nan ta fara. Ta sa anka rataye buta da igiya a dungu yadda zai karkata ta da hannu guda. Ta sa kafinta ya huda kujerar katako anka aza bisa salga, da turke a gefe na dafawa. Ta koya mishi ya fara zura hannun da ya shanye in zai sa riga, in zai tuɓe kuma shi ne na ƙarshe. Ta naɗe mariƙin cokali da robar tayar keke ya yi kauri. Zariya kuwa ta ce a sa roba a maimakonta, kuma baba da kansa ya nuna wa yaronsa yadda za a ɗinka. Ta kuma hana mu wani abu da muke yi kullum cikin rashin sani, wato jan shi ta hannun da ya mutu in za mu tada shi, don kafaɗar da naman jikinta ya saki tana iya gocewa.

Su biyun difloma iri ɗaya gare su. Shi ya sa nake cewa mu daina tambayar wace takarda mutum ya riƙe, mu tambayi mi ya iya.

Abu na farko da ya wajaba ga duk wanda ya fito da sunan ya gama karatun nan shi ne sanin jikin mutum da gaske, sanin da za a iya gwadawa a gaban maras lafiya. Ya san cewa in jini ya toshe ko ya fashe a ɓaren hagu na ƙwaƙwalwa, dama ce ke shanyewa, kuma sau da yawa magana na tafiya tare da ita. Ya san akwai wanda ke cin rabin kwano ya bar rabi don ƙwaƙwalwarsa ta daina lura da gefe guda, ba don shagwaɓa ba. Ya san wanda ke kwance ba a juya shi, gyambo zai buɗe mishi a ƙugu da diddige. Ya san watannin farko bayan faɗuwa su ne lokacin da jiki ya fi saurin farfaɗowa, don haka ba a ɓata su.

Na biyu, ya iya warware aiki daki-daki. Dakan hatsi a wurinmu abu guda ne, shi kuwa dole ya ga tsayuwa a ciki, da riƙon taɓarya, da ɗagawa, da numfashi, ya gano daidai inda abin ya karye. Kuma ayyukanmu zai warware: surfe, goyo, jan guga, tuƙa kabu-kabu, zaman tabarma da tashi daga kanta. Wanda ya koyi aikin a kicin ɗin Turai bai gama karatu ba sai ya zauna gaban murhu.

Na uku, hannunsa ya iya ƙira. Kayan taimako na kanti sun fi ƙarfin aljihun talaka, da yawa ma ba su zuwa kasuwanninmu. Dole ya san hanyar maƙera da kafintoci da masu walda, ya iya auna yaron da wuyansa bai tsaya ba ya zana mishi kujerar zama, ya iya naɗe mariƙin tukunya ga matar da kuturta ta kashe wa jin zafi a yatsu, don kar ta ƙone ba ta sani ba.

Na huɗu, harshe da ladabi. In ba ka jin Hausa ko Zabarmanci ko Fillanci ko yaren mutumin da ke gabanka, ka nemi tafinta, kuma ka san kunya. Dattijo ba zai gaya wa yaro cewa fitsari na kubce mishi ba sai ya amince da shi. Wanda damarsa ta shanye yana iya ƙin cin abinci gaban mutane don kar a gan shi da hagu. Wannan ba ya cikin hoton ƙwaƙwalwa, amma shi ke ramar da mutum. Haka nan iyalin gida, su ne ke tare da maras lafiya dare da rana, in ba a koya musu ba, ziyarar awa guda a mako ba ta tsinana komai.

Na biyar, ya rubuta inda anka fara da inda ake son kaiwa, ya komo ya auna. In abu ya wuce saninsa, ya tura gaba, kar ya riƙe maras lafiya don kuɗin zuwa.

Ba ni na ƙago ma'aunin nan ba. Tarayyar masu aikin ta duniya ta shar'anta wa makarantun da take amincewa da su cewa ɗalibi ya yi aƙalla awa 1000 na sitaj a gaban marasa lafiya kafin ya fita. To mu da muka yi jami'a a nan, mu faɗi gaskiya, mun san yadda ake sitaj a fannoni da yawa. Ka je da safe, a sa maka hannu a takarda, ka koma gida. Mun san haddar darasi a zazzage ranar jarrabawa a manta. A wani fannin takardu ne ke lalacewa. A wanga fanni kafaɗar uban wani ce ke gocewa.

Na san abin da wasu za su ce: ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara, ina ta ga wannan kayan gata? Ku duba da kyau. Yaron da ya tsira daga sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sau da yawa da naƙasa yake tsira. Ɗan kabu-kabun da anka ɗora wa ƙafa, sojan da ya komo daga daji da rauni, duk nan suke ƙarewa. In magidanci ya kwanta, wata ɗiya ce za a cire daga lakkol ta yi jinya, shago ya rufe, wani lokaci ƙarshenta bara a bakin titi. Ceton rai da barin mutum a ƙuryar ɗaki rabin aiki ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 26 nata ya ɗora wa ƙasashe samar da irin wannan kulawa. A 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na ƙarfafa ta cikin tsarin kiwon lafiya. Ba alfarma muke roƙo ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin lafiya da na ilimi mai zurfi da su horar da masu aikin nan a cikin ƙasa, su ɗauke su aiki har asibitocin jihohi, kuma kar a ba kowa izinin aiki sai an gan shi yana yi a gaban maras lafiya, a kuma cikin gida irin namu. Ku ɗalibai, ku ƙi sitaj na sa hannu, ku nemi a koya muku. Mu iyalai kuma, ranar sallama kar mu fita sai mun tambaya: yaya zai ci, yaya zai yi wanka, yaya za mu ɗaga shi?

Baba bai koma kan keke ba, hannun bai komo duka ba. Amma yana zuwa shago da sandarsa, yana auna kwastoma, yaro na riƙe mishi bakin tef, yana faɗa in an karkata ɗinki. Wandonsa kuwa shi ke sa abinsa.

In akwai mai irin wannan lalura a gidanku, ku faɗa mana garin da kuke da abin da anka gaya muku ranar sallama. Da shaidarku za mu je gaban hukuma.