Tarar Dirhami 3,000 Ga Wanda Ya Yi Wa Kyanwa Magani

Kudurin doka mai lamba 19.25 da majalisar ministocin Maroko ta amince da shi a watan Yulin 2025 ya zo da suna mai daɗin ji, wai na kare dabbobin da ke gararamba a titi da kuma kare jama'a daga haɗarinsu. A cikinsa kuwa akwai sashen da ya hana mutum ya ciyar da irin waɗannan dabbobi, ko ya ba su makwanci, ko ya yi musu magani, kuma wanda ya saɓa zai biya tara daga dirhami 1,500 zuwa 3,000. An yi ta cece-kuce a kan hana ciyarwa. Hana magani ne ya fi muni, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Masu goyon bayan kudurin ba su zo da wata sabuwar magana ba. Ita ce dai wadda ake ji a teburin mai shayi a Kano ko Maraɗi da zarar wani ya ce zai kai kyanwa asibiti: masu zuba musu abinci su ke tara su, hukuma ta kwashe su ta kulle kowa ya huta, kuma mutum ma bai samu magani ba balle mage. Wannan ra'ayi ya yi rinjaye har ana yi wa wanda ya saɓa masa kallon wanda ƙoshi ya dama. Ra'ayi ne na rashin imani, kuma masu shi ba su san yadda cuta take tafiya ba.

A dubi ɗan kyanwa mai mura, irin wanda ake tsinta a bayan rumfar mai kifi. Kwantsa ta manne masa idanu, ba ya iya buɗe su. Majina ta bushe ta toshe hanci, da baki yake numfashi, harshe duk gyambo. Ga kifi a gabansa amma ko kallo, domin kyanwa da hanci take cin abinci, abin da ba ta ji ƙanshinsa ba ba ta taɓa shi. In aka ja fatar bayan wuyansa sai ta tsaya a tattare, ruwan jikinsa ya ƙare ke nan. Ƙuma na ta zirga-zirga a cikinsa. Abin da yake bukata bai taka kara ya karya ba: auduga da ruwan ɗumi a riƙa goge ido da hanci, abinci mai ɗumi mai ƙarfin ƙanshi a ɗura masa kaɗan-kaɗan da sirinji, kwali da tsumma a lungun da iska ba ta shiga, sai likitan dabbobi ya duba shi ya rubuta maganin ido da na ƙwayoyin cuta. In ya samu wannan, sau da yawa cikin mako biyu ko uku ya miƙe yana wasa da jelarsa. In bai samu ba, ido ya tsiyaye ko rai ya yi halinsa.

To wa zai yi wannan hidima? Kyanwa in ba ta da lafiya ɓuya take yi, ƙarƙashin mota ko cikin kwalbati. Ba mai lura da rashinta sai wanda ya saba ganinta kowace safiya, wato mai gadi ko mai shago ko tsohuwar da ke zuba mata sauran abinci a murfin roba. Shi ne zai ce yau ban ga mai jan kunnen nan ba, ya durƙusa ya leƙa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke zagayawa da mota da raga bai san ta ba, ita ma ba za ta fito masa ba. Ko masu aikin kamawa a yi wa dabba aikin hana haihuwa da riga-kafi a mayar da ita unguwarta, da masu ciyarwa suke dogara, domin su ne suka san inda kowace take kwana, da wace ce ke da ciki, da lokacin da take fitowa. Maroko ta san da haka. A 2019 ma'aikatar cikin gida da ta lafiya da hukumar kula da ingancin abinci da ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar suka sa hannu a kan yarjejeniyar bin wannan tsari. Shekara shida bayan nan sai ga kudurin da zai ci tarar mutanen da tsarin ba ya tafiya sai da su.

Sai a ce ai akwai gidajen ajiyar dabbobi, a kai su can. Masu faɗar haka ba su taɓa shiga ɗaya ba. Ƙwayar cutar da ta fi haddasa murar kyanwa, mafi yawan waɗanda suka kamu da ita suna ɗauke da ita har mutuwa, tana kwance a jiki, kuma firgici da damuwa ne suke tayar da ita. Ba abin da ya kai keji firgita kyanwa: baƙon wuri, warin wasu maguna, haushin karnuka dare da rana. Shi ya sa wadda ta shiga lafiya lau, kafin wani lokaci ta fara atishawa, ta shafa wa maƙwabtanta. Akwai kuma cutar amai da gudawa mai karya garkuwar jiki, wadda ƙwayarta kan yi shekara a daɓe da bango ba ta mutu ba. In ta shiga ɗakin ƙanana da ba a gama yi musu riga-kafi ba, sai ta share shi. Ɗan kyanwar da uwa ta mutu ta bari kuwa, kowace awa biyu zuwa uku sai an ba shi madara ta musamman, har cikin dare, a kuma shafa masa ciki da tsumma mai ɗumi kafin ya iya fitsari. Ma'aikaci ɗaya mai kejuna birjik a gabansa ba zai iya ba, ko da yana so.

Saboda haka ne duk inda ake wannan aiki da gaske, masu gidajen ajiya su da kansu suke roƙon jama'a: wa zai riƙe wannan na wata ɗaya har ta warke, wa zai ɗauki waccan gaba ɗaya. Keji zango ne. Hanyar kyanwa mara lafiya daga titi take farawa, ta bi ta hannun likita, ta ƙare a tsakar gidan wani. Kudurin Maroko ya datse ta tun daga matakin farko, domin mutumin da ya sunkuya ya ɗauki dabbar ya sa a kwali ya riga ya ba ta makwanci, in ya goge mata ido kuma ya yi mata magani. Laifi biyu ke nan kafin ya isa ƙofar asibiti.

Za a kawo zancen ciwon haukan kare, ana ma kawowa, musamman tun da wata 'yar Birtaniya ta rasu a watan Yunin 2025 bayan wani ɗan kwikwiyo ya yaƙushe ta a Maroko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kuma har kashi 99 cikin 100 daga karnuka ake ɗauka. Ita dai hukumar ta ce maganin abin shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki riga-kafi. Allura ce amsa. Ba a taɓa jin inda yunwa ta warkar da haukan kare ba, kuma dabbar da ake ciyarwa ta fi sauƙin kamawa a yi mata allurar. Zancen wai kudurin ya tanadi ɗauri ga mai azabtar da dabba shi ma ba hujja ba ne. Wanda ya hana a ba mai jin yunwa abinci ba shi da bakin yin alfahari da cewa ya hana a doke shi.

Abin baƙin ciki shi ne a Maroko ake wannan. 'Yan Tijjaniyya da ke zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas suna ratsa lungunan tsohon birnin da ke da asibitin Sidi Farij, wanda sarakunan Banu Marin suka gina a ƙarni na 13, kuma masu tarihi suka ruwaito cewa cikin wakafinsa har da jinyar tsuntsaye dangin shamuwa da suka karye ko suka yi ciwo. A Alƙahira, Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar lambu wakafi don ciyar da magunan da ba su da mai su. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da Fas da Kano suka yi tarayya a karatunsa, an ruwaito yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, yana cikin Bukhari da Muslim, ɗan makarantar Islamiyya ma ya san shi. Kullewa da hana abinci, su ne ainihin abubuwa biyu da ake neman mayarwa doka. Duk da haka akwai masu buɗe baki su ce jinyar kyanwa al'adar Turawa ce. Gaskiya ne wata Ba'amurkiya ce ta assasa asibitin jakuna da alfadarai na kyauta a Fas a 1927, amma ta tarar da garin da ya riga ƙasarta sanin wakafin dabbobi da ɗaruruwan shekaru.

Kowa ya san abin da ke bayan wannan gaggawa. A Disambar 2024 FIFA ta tabbatar wa Maroko da Sifaniya da Portugal karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2030. Masu kare haƙƙin dabbobi suna zargin ana harbe karnuka ana sa musu guba don a share tituna, gwamnati tana musantawa. Ko ba a shiga wannan gardama ba, halin sananne ne, kuma tsoho ne: baƙo zai zo, a ɓoye duk abin da zai sa ya yamutsa fuska. A 1910 masu mulkin Istanbul, don birninsu ya yi kama da na Turai, suka kwashe dubun-dubatar karnuka suka zube su a wani tsibiri na dutse da ba ruwa ba abinci a tekun Marmara, suka mutu da ƙishirwa da yunwa. Karnuka sun dawo titunan Istanbul, abin kunyar kuma ya zauna a tarihi. Talakan Najeriya ba baƙon wannan hali ba ne. Ya ga yadda ake kwashe mabarata da masu taɓin hankali daga kan hanya in babban baƙo zai wuce, a shafa wa bango fenti, a rushe rumfar mai tumatir, baƙo na tafiya kowa ya koma inda yake. Ba a warkar da kowa ba, ba a kuma yi niyya ba. Jami'in da ya saba ɗaukar almajiri a matsayin datti ba zai ga kyanwa a matsayin mara lafiya ba, kuma masu cewa a fara da mutane tukuna ba a ganinsu a layin masu biya wa marayu kuɗin magani.

A ƙasar Hausa ba a jira doka ba, al'ada ta riga ta yi aikin. Mage ta haihu a ɗakin girki, sai a zuba 'ya'yan a buhu ido bai buɗe ba, a ba yaro ya kai bola ko bakin kasuwa. Baƙar kyanwa ta shigo da dare, a ce mayya ce ko aljana, a bi ta da taɓarya. Wanda ya ji tausayi kuma ya ɓare farasitamol ya ba ta, bai san hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi ba, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, fuska ta kumbura dasashi ya yi duhu. Mutanen nan su ne suka yi ta yaɗa bidiyon limamin Aljeriya da kyanwa ta hau masa kafaɗa yana jan tarawihi a azumin 2023, suna ta kabbara. Kyanwar waya ana sonta, ta bayan gida ana jifa.

Ga shi kuma an fi kowa bukatarta. Zazzaɓin Lassa, da ya samo suna daga wani gari a jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi, kuma ajiye kyanwa a gida yana cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na kauce masa. Likitoci ma akwai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Amma a tunanin jama'a likitan dabbobi na shanu ne da kaji da ragon layya, wato na abin da za a sayar ko a yanka. Wanda ya shiga da kyanwa a kwali sai ya sha kallo.

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, ta haihu bayan kwana 63 zuwa 65, ta kuma maimaita sau biyu ko uku a shekara. Daga nan magunan titi suke fitowa, da kuma hannun mai buhu. A Rabat an bar jaki ana dukan taiki, an tasa tsohuwa mai murfin roba a gaba. A Najeriya kuwa sashe na 495 na dokar laifuka da ake aiki da ita a kudu ya tanadar wa mai azabtar da dabba ɗaurin wata shida ko tarar naira 50, kuɗin da ba zai sayi sirinjin ɗura wa ɗan kyanwa madara ba. Ya kamata majalisar dokokin Maroko ta soke wancan sashe na hana ciyarwa da magani, ta mayar da ƙarfinta kan riga-kafi da aikin hana haihuwa kyauta a unguwanni. Malaman da ke karantar da Muwaɗɗa a zaurukan Kano da Zariya kuma, in sun zo kan hadisin Abu Ƙatada, kada su tsaya a hukuncin tsarkin ruwa kawai, su gaya wa ɗalibai hukuncin wanda ya ɗaure bakin buhu da 'ya'yan mage a ciki.