Zazzaɓin Lassa: Jiran Ganin Jini Jiran Ajali Ne

Kowace shekara, da zarar kaka ta wuce hunturu ya kama, sai labarin zazzaɓin Lassa ya sake tashi a asibitocin ƙasar nan, musamman a jihohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba. Cutar dai ba baƙuwa ba ce. A garin Lassa na Jihar Barno aka fara gane ta cikin 1969, sa'ad da ta kama wata nas ta mishan mai suna Laura Wine, wadda ta rasu a asibitin Jos, kana ta kashe ɗaya daga cikin masu jinyarta. Cikin 1970 kuma ta kashe Dokta Jeanette Troup a Jos, bayan ta yanke a yatsa tana binciken gawa. Yau fiye da shekara hamsin ke nan, amma har ila yau akwai kuskure guda da yake ta cin rayukan jama'a, watau zaton cewa ba a kiran ciwo Lassa sai an ga jini.

Asalin kuskuren daga suna ne. Likitoci sun sa Lassa cikin jerin zazzaɓi masu zubar da jini, tare da Ebola da cutar shawara. Alhali kuwa masu zubar da jinin su ne marasa rinjaye, ko a cikin waɗanda aka kwantar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama, ko kuwa su yi ɗan zazzaɓi su warke. Amma cikin waɗanda ciwon ya tsananta har aka kwantar da su, wajen 15 cikin ɗari ba sa tashi, kuma ajalin kan zo cikin kwana 14 da fara ciwo.

To, in ba zubar jini ba, me ke kashe su? Jikin baligi yana ɗauke da jini wajen lita biyar, wanda zuciya take harbawa ta cikin jijiyoyi, kamar yadda mai lambu yake kora ruwa ta lambatu zuwa fangali. Ƙwayar Lassa takan ɓata shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyin, sai su riƙa tsatsa. Ruwan jinin ya tsiyaye ya shiga tsoka da ƙirji, shi ya sa ake ganin fuska da wuyan majiyyaci sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Abin da ya rage cikin jijiya ba ya isa zuciya ta harba, sai ƙarfin bugun jini ya faɗi, hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ɗauke domin ƙoda ta rasa rabonta. Mutum ya mutu da ƙarancin jini a jijiya ba tare da ɗigo guda ya zuba ƙasa ba.

Ga kuma matsalar daskarewa. Cikin jini akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da aikinsu shi ne su taru su toshe rauni. A ciwon Lassa yawansu ba ya raguwa ƙwarai, amma sai su sangarce, su kasa manne wa juna. A Ebola lamarin ya fi muni: jini kan yi ta ƙulla ƙananan gudaji cikin jijiyoyi inda ba a bukata, har kayan daskarewar su ƙare, sa'an nan ya ɓalle ta hanci da dasashi da bayan gida. Ko ta wace hanya, ganin jini alama ce ta cewa ɓarna ta yi nisa.

Saboda haka abin da ake yi a kantunan sayar da magani na unguwa abin tsoro ne. Mai zazzaɓi ya je, a ɗura masa asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, a tsira masa allura a ɗuwawu. Asfirin yana ƙara kashe ƙarfin ƙwayoyin toshe rauni, sauran biyun kuma suna cutar da ƙodar da take fama, wurin allurar kuwa yana iya zama ƙofar zubar jini. Mafi muni shi ne kwanakin da suke salwanta. Binciken da aka yi a Saliyo, aka buga cikin 1986, ya nuna maganin ribavirin ya fi amfani in an fara shi cikin kwana shida na farko. Masana suna sake auna ƙarfin wannan magani, amma babu mai jayayya cewa ƙarin ruwa da wuri, bisa awo, da lura da ƙoda, suna ceton rai.

Wani zai ce zazzaɓin cizon sauro ya fi Lassa yawa nesa ba kusa ba, kuma ba zai yiwu a killace duk mai zafin jiki ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ya nemi haka. Abin da ake nema shi ne a gwada jini kafin a ba da magani. In an sha maganin kwana biyu ko uku zazzaɓi bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro da amai da kasala, to wajibi ne a yi zargin Lassa, a sa safar hannu, a aika da jini ɗakin bincike. Mace mai tsohon ciki ta fi kowa bukatar wannan hanzari, gama fiye da kashi 80 cikin ɗari na irinsu sukan rasa cikin, ko ransu, ko duka biyun. Likitocin da cutar ta kashe a Kano cikin Janairun 2020 sun isa ishara cewa sakaci ba ya barin mai jinya ma.

Nauyi mafi girma yana wuyan Gwamnatocin Jihohi. Tun da har yanzu babu allurar rigakafin Lassa da aka amince da ita, tilas ne Ma'aikatun Lafiya su tanadi ruwan ƙari da safar hannu da ma'ajiyar jini a manyan asibitoci tun kafin hunturu, su kafa na'urar wankin ƙoda a wuraren da ake killace majiyyata, su kuma rage kwanakin da sakamakon gwaji yake yi a hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Asibitin Irrua na Jihar Edo ya nuna abin da himma take iya yi, haka kuma Legas cikin 2014, inda Dokta Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola da wuri ta hana majiyyacin fita, aka tsai da annobar a kan mutum 20, takwas suka rasu, har da ita kanta.

Ma'aikata da ɗalibai su ma suna da nasu rabon. Su ne masu karatu a cikin dangi, su ake tambaya in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Su gaya wa mutanen gida a rufe hatsi da abinci daga ɓera, a daina shanya a bakin hanya, kuma duk zazzaɓin da ya ƙi jin magani a kai shi asibiti tun majiyyaci yana tafiya da ƙafarsa. Allah ya kiyashe mu, ya sa hukuma ta ji.