Yini Guda a Ruwan Legas

A watan jiya wani tsohon abokin karatuna, wanda Allah Ya buɗa masa a harkar shigo da kaya, ya gayyace mu yawon shan iska a jirgin ruwansa na alfarma a Legas. Mu shida ne, kuma huɗu daga cikinmu 'yan tudu ne irina, waɗanda iyakar saninsu da ruwa kududdufin unguwa ne da damina.

Mun tashi da hantsi daga Ikoyi, muka bi ta ƙarƙashin gadar Falomo, muka faɗa babbar mashigar da jiragen dakon kaya ke bi zuwa Apapa. A gefensu jirgin abokina, mai falo da ɗakin kwana da na'urar sanyaya ɗaki, ya koma tamkar ƙoƙo a bakin randa. Matuƙin ya kai mu har bakin teku, tsakanin dogayen katangun duwatsun nan biyu da Turawan mulkin mallaka suka jera a farkon ƙarni na 20 don kada yashi ya toshe hanyar jirage. Da igiyar Atalantika ta ɗaga mu ta sauke sau uku, hira ta mutu, sai salati. Muka juyo, muka bi mashigar Badagry ta gefen tsibirin Tin Can zuwa gaɓar Ilashe.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, tun kafin mu tashi matuƙin ya ƙirga mu, ya ƙi tayar da inji sai da kowa ya ɗaura rigar ceto. Mai jirgin ya so ya yi gardama, matuƙin ya ce, “Ranka ya daɗe, a tudu kai ne maigida, amma ruwa bai san maigida ba.” Alhaji ya yi dariya ya ɗaura.

Na biyu ya faru ne a hanyar dawowa. Magariba ta kawo jiki, muka matsa wa matuƙin ya ƙara wuta. Jirgi mai nauyi in ya yi gudu, igiyar da yake bari a bayansa kan yi tsayi, ta bazu har gaɓa. Tamu ta riski wani kwalekwale ɗauke da mata da yara da kwandunan kifi, babu mai rigar ceto ko ɗaya. Na ga wata uwa ta rungume ɗanta da hannu ɗaya, ɗayan tana kwarfar da ruwa da roba. Allah Ya kiyaye, bai kife ba. Matuƙin ya rage gudu bai ce da mu uffan ba. Ni ma ina cikin masu cewa a ƙara wuta, shi ya sa har yau abin yake cina.

A lokacin ne Arewa ta faɗo mini a rai. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse a kogin Kwara kusa da Warrah ta jihar Kebbi da mutum sama da 150 a cikinsa. A Nuwamban shekarar, mutum 29 suka rasu a madatsar Watari da ke Bagwai, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Dalilan kusan ɗaya ne kullum: lodi fiye da kima, tsohon jirgin katako, tafiya bayan duhu ya fara, da rashin rigar ceto. Dokar da matuƙinmu ya kafe a kanta saboda mutum shida masu nishaɗi, ba a samu mai kafewa a kanta ba saboda ɗaruruwan da ba su da wata hanya zuwa kasuwa ko gona sai ruwa.

Ba na ganin laifin mai hali don ya ji daɗin halaliyarsa. Amma kuɗin man da muka ƙona a yinin nan sun isa sayen rigunan ceto masu yawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedikwata a Lokoja, da gwamnatocin jihohi su ne da babban nauyi, sai dai sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa su ne a bakin mashaya kullum. In suka ce jirgi ba zai tashi ba sai an ƙirga fasinja kuma kowa ya ɗaura riga, ba zai tashi ba.

Na faɗa wa abokina haka da muka sauka. Ya yi shiru, can ya tambaye ni nawa ake sayar da riga ɗaya, da kuma wanda za a danƙa wa a Yawuri. Na yi masa alkawarin bincikowa, kuma ba zan bari ya manta ba.